Ayoyin da ake cewa an cire daga Baibul: ina suka tafi, kuma ina imanin rashin kuskure ya kwana?

Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a WhatsApp, ya lafa ya sake tasowa: wai an zare ayoyi 16 daga sababbin fassarorin Baibul, ga jerin surori da lambobi, mai tantama ya duba da idonsa. Wanda ya duba kuwa zai tarar lambobin ba ƙarya ba ne.

Ga yadda abin kan fito fili. Ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ne na yammacin Laraba a wata majami'a a unguwar Mabera ta Sakkwato. Wata dattijuwa na bi da yatsa a tsohon littafinta mai baƙin bango, jikarta na karantawa daga waya. Yarinyar ta kai ƙarshen Matiyu 17:20, sai ta faɗa aya ta 22. Tsohuwa ta ɗaga hannu: "Dakata, ɗiyata. Baba Fasto, ina ta 21 ta tahi? Ga ta nan wurina, zancen addu'a da azumi."

A Sakkwato tambayar ba ta tsaya a majami'a ba. Maƙwabci Musulmi ma ya ga saƙon, a wurinsa kuma shaida ce kan abin da ya taso yana ji, cewa an sauya littattafan da suka gabata. Kafin a auna maganar kowa, sai an warware wasu kalmomi da ake cakuɗawa.

Hurarwa, rashin kuskure, da kiyayewa

Hurarwa ita ce tushe. Kiristoci na dogara da 2 Timoti 3:16, inda aka ce kowane Nassi hurarre ne daga Allah, da 2 Bitrus 1:21. Amma akasarin ikilisiyoyi ba sa nufin shifta, wato a faɗa wa marubuci kalma ya rubuta. Sun ce Ruhu Mai Tsarki ya bi da mutane, kowa da harshensa da salonsa. Luka ma ya buɗe bishararsa da cewa ya bi diddigin labarin daga waɗanda suka gani da ido. Wannan ya sha bamban da yadda Musulmi ya fahimci wahayi, kuma rabin gardamar da ake yi a bakin shago daga nan take fitowa, kowa na auna littafin ɗan'uwansa da mudun nasa.

Rashin kuskure mataki ne na gaba: duk abin da Nassi ya tabbatar gaskiya ne, ko kan ceto ko kan tarihi.

Kiyayewa kuma tambaya ce daban: abin da aka rubuta a ƙarni na farko, ya iso hannunmu yadda yake?

A watan Oktoban 1978 malaman ikilisiyoyin bishara fiye da 200 suka taru a Shikago ta Amurka suka fitar da sanarwa mai sassa 19 kan rashin kuskure. Sashe na 10 shi ne ya shafi zancenmu. Ya ce hurarwa, in za a tsananta magana, ta shafi rubutun asali ne kawai, wanda ya fito daga hannun marubucin. Kwafi da fassara kuwa Maganar Allah ne gwargwadon yadda suka riƙe amanar asalin. To, ko ɗaya daga cikin rubutun asalin bai wanzu ba. Babu takardar da Bulus ya taɓa, babu ta Markus. Masu sanarwar sun san da haka, shi ya sa suka ƙara da cewa ana iya gano asalin daga kwafe-kwafen da ke hannu, kuma rashinsa bai taɓa wani ginshiƙin bangaskiya ba.

Aikin mai kwafi

Basakkwace ba baƙo ba ne a wannan fage. Littattafan Shehu Usmanu, da na Abdullahin Gwandu, da na Sarkin Musulmi Bello, da waƙoƙin Nana Asma'u, duk da alƙalami da tawada suka yaɗu. Wanda ya taɓa leƙa Cibiyar Adana Tarihi ta Waziri Junaidu, ko ya ga ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana tahaƙiƙin wani littafi, ya san yadda ake yi: a baje kwafi uku ko huɗu, a bi su layi-layi. Nan ido ya tsallake layi don layuka biyu sun ƙare da kalma ɗaya. Can mai kwafi ya tuna abin da ya bari, ya cusa shi a gefe ya rubuta "sahha". A wani wurin bayanin da malami ya yi a gefen shafi ya shige cikin matani, don wanda ya kwafa daga baya ya zaci gyara ne. Kwatancin na hanyar aiki ne kawai, ba na matsayin littattafan ba.

Haka Sabon Alkawari ya yi tafiyar shekara kusan 1,400 kafin injin ɗab'i. Yau akwai kwafin hannu na Helenanci kimanin 5,800, wasu cikakku, wasu guntaye. Wata cibiya a birnin Munsta na Jamus ce ke riƙe da rajistarsu. Guntun da aka fi ambata a matsayin mafi tsufa bai wuce tafin hannu ba, ɗauke da 'yan kalmomi daga Yohanna 18, ana danganta shi da ƙarni na 2, yana Manchesta. Tun 1707 wani masani Bature, John Mill, ya lissafa bambance-bambance kusan 30,000. Yanzu masana na ƙiyasin dubu ɗari huɗu zuwa dubu ɗari biyar. Adadin na da firgitarwa, sai dai yawan kwafi ne ke haifar da yawan bambanci, kuma mafi yawansu harafi ne ya sauya, ko kalma ta riga 'yar'uwarta, abin da ko a fassara ba ya fitowa.

Wasu kuwa da niyya aka yi. A Markus 1:2 tsofaffin kwafi sun ce "annabi Ishaya", alhali maganar da aka jawo ta haɗa da ta Malakai. Kwafe-kwafen baya sai suka ce "annabawa". Ba wuya a ga wanda ya gyara wani. Daga irin wannan ne masana suka ɗauki ƙa'idar cewa karatun da ya fi wuyar haɗiya sau da yawa shi ne na asali, domin mai kwafi sassauci yake nema.

Me ya sa lamba ta yi tsalle

A 1516 wani malami ɗan ƙasar Holan, Irasmus, ya buga Sabon Alkawari na Helenanci a Basel. Kwafin da ya samu ba su kai goma ba, yawancinsu na wajen ƙarni na 12. Na Ru'ya ta Yohanna ɗaya ne tak, shi ma shafin ƙarshe ya ɓace, sai ya mayar da ayoyi shida na ƙarshe daga Latinanci zuwa Helenanci da kansa. A 1551 maɗaba'in nan Bafaranshe Robert Estienne ya sa wa ayoyin lambobi a kan wannan matani. Fassarar King James ta 1611, wadda har gobe majami'u da yawa a Najeriya ke wa'azi da ita, daga wannan zuriyar ta fito.

Sai tsofaffin kwafi suka fara bayyana. Bajamushe Tishendof ya ga kundin Sinaitikus a gidan sufaye na Santa Katarina a Sinai, a 1844 da 1859. Birtaniya ta saye shi daga Tarayyar Sobiyet a 1933 kan fam 100,000, mafi yawansa yana Landan. Takwaransa Batikanus yana ɗakin karatu na Batikan tun ƙarni na 15. Dukansu na ƙarni na 4 ne, sun girmi kwafin Irasmus da shekara ɗaruruwa. A 1881 masana biyu, Westcott da Hort, suka buga matanin da ya jingina da su, daga baya kuma yashin Masar ya fito da takardun da suka fi su tsufa.

Da masu fassara suka ga wata aya babu ita a tsofaffin, sai suka saukar da ita ƙasan shafi, amma ba su sake lissafi ba, don kada Yohanna 3:16 ta wani ta zama 3:15 ta wani. Tsallen da tsohuwar Mabera ta kama ke nan. Matiyu 17:21 babu ita a Batikanus, haka a rubutun farko na Sinaitikus, kuma ta yi kama da Markus 9:29, inda ake ganin daga can aka jawo ta. Yawancin 16 ɗin haka suke, maimaici ne daga wani wuri a Sabon Alkawari. Kalmar "cirewa" ta ɗauka cewa bugun 1551 shi ne ma'auni. Wanda ya ɗauki kwafin ƙarni na 4 ma'auni, "ƙari" zai ce.

Wurare uku masu nauyi

Na farko Markus 16:9-20. A Sinaitikus da Batikanus bisharar ta tsaya a aya ta 8: mata sun tarar kabari wayam, an ce musu ya tashi, suka gudu suna rawar jiki, ba su gaya wa kowa ba don tsoro. Shi ke nan. Malaman ikilisiya Yusibiyus da Jerom, a ƙarni na 4 zuwa farkon na 5, sun ce kwafin Helenanci mafi inganci da suka sani nan suka ƙare. Aya ta 9 kuma ta sake gabatar da Maryamu Magadaliya kamar ba a ambace ta a farkon surar ba, salon kalmomin ma ya sauya. Sai dai masu kare ayoyin ba hannu rabbana suke ba. Fiye da kashi 99 cikin 100 na kwafin Helenanci suna da su. Wani bishop na farko-farko, Irenayus, ya jawo aya ta 19 wajen shekara ta 180, yana cewa daga ƙarshen Markus take, wato kafin a rubuta manyan kundayen nan biyu da shekara fiye da ɗari. Mai kwafin Batikanus ma ya bar gurbi fari bayan aya ta 8, abin da wasu ke fassarawa da cewa ya san da wani ci gaba. Wani malamin ikilisiya, John Burgon, ya rubuta littafi sukutum a 1871 yana kare ayoyin. Mafi yawan masana a yau na ganin ƙari ne na ƙarni na 2. Inda suka rabu shi ne ko Markus da gangan ya tsaya a 8, ko ƙarshen takardarsa ne ya yage.

Na biyu ya fi taɓa zuciyar masu sujada: Yohanna 7:53 zuwa 8:11, matar da aka kama da zina, Yesu ya sunkuya yana rubutu a ƙasa, ya ce marar zunubi ya fara jifa. Babu labarin a takardun Masar biyu na wajen shekara ta 200, babu shi a Sinaitikus da Batikanus. Kwafin Helenanci mafi tsufa da ke ɗauke da shi shi ne kundin Beza, na wajen shekara ta 400. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne labarin bai da mazauni ɗaya: wasu kwafi sun kai shi ƙarshen Yohanna, wasu sun ajiye shi bayan Luka 21:38. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriyar yau, ya ba da nasa dalili: wai wasu maza ne suka cire shi don kada matansu su samu kafa. Yawancin masana ba su gamsu ba, domin babu wani wurin da aka san masu kwafi sun zare labari guda cur don ɗabi'a. Amma da yawansu, ciki har da Bruce Metzger, na ganin labarin tsoho ne ƙwarai kuma yana da alamun abin da ya faru da gaske. Wannan ya buɗe wata tambaya: abu na iya zama gaskiya ba tare da ya zama Nassi ba?

Na uku gajere ne, hujjarsa kuma ta fi rauni. A King James, 1 Yohanna 5:7 ta ce akwai masu shaida uku a sama, Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki, ukun nan kuwa ɗaya ne. Jimlar ta fara bayyana ne a Latinanci a ƙarni na 4. A Helenanci kwafi kimanin goma ne ke da ita, duk na baya-baya, wasu ma a gefen shafi. Malaman Helenawa da suka yi ta fafatawa kan Triniti, wato aƙidar cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, bayan taron Nikiya na 325 ba su jawo ta ba, alhali da tana hannunsu babu makamin da ya fi ta. Irasmus bai sa ta a bugun 1516 da 1519 ba, ya sha suka, ya sa ta a 1522 bayan an nuna masa wani kwafi da aka rubuta wajen 1520, wanda yanzu yake Dublin. Labarin da ake yawan bayarwa cewa alkawari ya ɗauka zai sa ta in an nuna masa ita a kwafin Helenanci ko ɗaya, masu bincike ba su same shi a rubuce-rubucensa ba.

Inda kowa ya tsaya

Masu bin sanarwar Shikago, kuma nan ne ikilisiyoyin bishara irin su ECWA suka fi karkata, sun ce sa ayoyin da ake tantama cikin baka biyu, ko saukar da su ƙasan shafi, ba barazana ba ne. In Markus bai rubuta 16:9-20 ba, to ba a taɓa cewa ayoyin hurarru ba ne. Masanin kwafin hannu Daniel Wallace na cewa bambancin da ke sauya ma'ana kuma yake da damar zama na asali bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Triniti na da Matiyu 28:19, tashin Yesu na cikin Markus 16:6 da sauran bisharu.

Wani masanin, Bart Ehrman, wanda ya taso cikin wannan imani kuma ya yi karatu a hannun Metzger kafin ya bar imanin, ya mayar da tambaya: in Allah ya hure kalmomi, me ya hana ya kiyaye su? Imanin da aka jingina da takardar da babu ita, in ji shi, ba ya gwaduwa. Ya kuma nuna cewa tsakanin rubutun asali da manyan kwafi na farko akwai shekara fiye da ɗari da shaidarta ta yi ƙaranci. Shi ma ya yarda manyan aƙidu ba su rataya a kan waɗannan wurare ba. Abin da ya fara girgiza shi ma ba bambancin kwafi ba ne, Markus 2:26 ce, inda aka ambaci Abiyata a labarin da 1 Sama'ila 21 ta ce Ahimelek. Wannan wata gardama ce daban, ta saɓani a cikin matanin kansa.

Akwai masu cewa Allah ya kiyaye Maganarsa a cikin matanin da ikilisiya ta yi ta karantawa, don haka rinjayen kwafi ya fi tsufan kwafi. Na can ƙarshensu sun ce King James ce kaɗai. Ƙarfin matsayin shi ne ya ba mai bi littafin da zai riƙe a hannu. Rauninsa 1 Yohanna 5:7, domin a nan rinjayen ma bai goyi bayanta ba, kuma bai faɗi matsayin mai karatu da Hausa ba.

Katolika, wato ikilisiyar da Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta a Sakkwato, ta bi ta wata hanya. Taron Tarent na 1546 ya karɓi littattafan da dukan sassansu yadda ake karanta su a ikilisiya, don haka ƙarshen Markus da labarin matar Nassi ne a wurinta ko wane ne ya rubuta. A 1965 taron Batikan na biyu ya ce Nassi na koyar da gaskiyar da Allah ya so a rubuta domin cetonmu ba tare da kuskure ba, kuma har yau ana muhawara kan faɗin wannan jimla. Duk da haka sabon bugun Latinanci na 1979 bai sa jimlar 1 Yohanna 5:7 ba. Angilika kuma ta tsaya kan cewa Nassi ya ƙunshi duk abin da ake bukata domin ceto.

A ɓangaren Musulmi kalmar ita ce tahrifi, wato sauya littafi, ana kafa hujja da irin aya ta 79 ta Suratul Baƙara. Malaman farko sun yi saɓani ko sauyin na lafazi ne ko na ma'ana. Ahmed Deedat, wanda kaset ɗin muhawararsa da Jimmy Swaggart ta 1986 ya zaga Arewa, ya gina hujjarsa a kan waɗannan ayoyin. Kwafin hannu sun tabbatar masa da abu ɗaya: an yi ƙari, kuma Kiristan da ya ce ko ɗigo bai motsa ba ya wuce abin da malamansa suka ce. Amma ba su nuna wata Linjila dabam da aka shafe ba. Gicciye da tashi suna cikin takardun wajen shekara ta 200. A aƙidar Musulunci Linjila littafi ne da aka saukar wa Annabi Isa (AS). Kiristoci ba su ce an ba Yesu littafi ba, shaidar almajirai suke kira bishara. Ana amfani da suna ɗaya ga abu biyu.

Abin da ya shafi mai zaman benci

Wurin da aka fi jin abin shi ne wa'azi. Mai shelar azumin kwana 21 da Matiyu 17:21 zai gamu da matashin da wayarsa ba ta da ayar. Kalmar "da azumi" a Markus 9:29 ma ana jayayya a kanta, ko da yake azumi na nan a Matiyu 6:16 da Ayyukan Manzanni 13. Alkawarin ɗaukar maciji da shan dafi ba tare da cutuwa ba yana Markus 16:18 ne, cikin sashen da ake tantama, kuma a wasu ƙauyukan Amurka an rasa rayuka a kansa. Ayyukan Manzanni 8:37, shaidar bangaskiya kafin baftisma, tana cikin 16 ɗin. A jana'iza ko taron haɗin gwiwa kuma, in aka zo Addu'ar Ubangiji, za a ji Katolika sun yi shiru bayan roƙon tsari daga mugun, saura sun zarce da "gama mulki da iko da ɗaukaka naka ne". Wannan jimlar ma babu ita a tsofaffin kwafin Matiyu 6:13, ko da yake an san irinta a addu'ar ikilisiya tun farko-farko.

Sai zaman tare. Sakkwato, garin da ya ga abin da saƙon murya kan addini ya jawo a wata kwaleji a watan Mayun 2022, ya san cewa irin wannan zance ba wasan yara ba ne a zauren WhatsApp na aji ko na ofis. Fastoci da yawa sun karanta waɗannan abubuwa a makarantar tauhidi amma ba sa kawo su bagade, sai mai bi ya fara jin su daga bakin abokin gardama, ya ɗauka ɓoye masa aka yi.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aka sake fassara shi a ƙarshen shekarun 1970, wasu fassarori kuma sun biyo baya. Kowane kwamiti sai ya zaɓi matanin Helenancin da zai bi, da inda zai sa baka. Littafin takarda na nuna bayanin a ƙasan shafi. Manhajar waya kan naɗe shi cikin wata 'yar alama da ba kowa ke taɓawa ba. Aikin gwada kwafin kuma bai ƙare ba. Bugu na 28 na matanin Helenanci da ake kira Nestle-Aland, wanda masu fassara ke dogara da shi, ya fito a 2012 da sauyi a wurare 34 cikin wasiƙun Yakubu, Bitrus, Yohanna da Yahuza. Ɗaya daga ciki a Yahuza aya ta 5 yake: wanda ya ceci jama'a daga ƙasar Masar, da "Ubangiji" aka rubuta, yanzu "Yesu". Masu aikin na Munsta na bin sauran littattafan ɗaya bayan ɗaya, kuma duk fassarar Hausa da za a sabunta nan gaba za ta tarar da irin waɗannan a gabanta.